Minti Goma Sha Biyu

Da asuba Habu ya tura kwalekwale,
akwatina a cinya kamar ɗan goyo,
takalmi a hannu, fasfo cikin leda biyu.
Daga gaɓa sai babur, daga babur motar Haɗeja,
Kano, Abuja, sannan sama.
Kwana biyu ina tafiya
don in yi maganar minti goma sha biyu.

A Holan suka rataya mini sunana a wuya
kamar laya, harafi ɗaya ya faɗi a hanya.
Zauren taron sanyi kamar cikin randa.
Na danna, bango ya yi haske,
sai ga Baffa Maina, ruwa iya ƙugu,
lauje a dama, kacala ta ninka shi tsawo.
Ban taɓa ganinsa da girma haka ba,
kowace tsagar ƙafa ta hau hannunsa,
kowane ƙudan da ke kafaɗarsa ya kai tantabara.

Na ce: nan gonar shinkafa ce, da.
Na ce: nan jan-baki ke kwana, da safe su ci gero.
Wata mai farin gashi ta ɗaga mini kwali:
saura minti biyu.
Na haɗiye shekara takwas,
na tsallake damina uku da kabarin da ruwa ya tone,
na yi godiya. Aka tafa.
Wani ya tambayi nauyin ciyawar a kowace kadada.
Na sani, na faɗa.
Babu wanda ya tambayi sunan mai laujen.

Kwana biyun da suka rage nawa ne, hutu.
Na hau jirgin ƙasa na je ganin teku.
Na tsaya kan ganuwar da suka yi wa ruwa,
teku a sama, shanu a ƙasa suna kiwo
ba makiyayi, ba sanda, ba tsoro.
Ƙarfe goma na dare rana ta ƙi faɗuwa,
ina riƙe da alwala ina jiran magariba
kamar mai jiran bashi.
Na sayi kifi a takarda, na lissafa da naira,
sai ya tsaya mini a maƙoshi.
Na ci dai. Na ji daɗi kuma, ba zan ɓoye ba:
gado mai laushi, shiru, ba sauro,
barcin da ban yi ba tun ina ɗan makaranta.

Ranar kasuwar Kirikasamma na dawo.
Kaltume ta shinshina rigar sanyin da na aro,
ta ce warin jirgi take yi.
Yagana ta ƙwace sunana daga wuyana
ta rataya wa ɗan akuya.

Bayan la'asar na iske Baffa yana ɗinkin koma.
Bai ɗago ba. Ya ce, "An gan ni?"
Na ce an gan ka, mutum ɗari uku.
"Da wannan rigar?"
Da ita.
Ya yi tsaki, ya ciji zare.
"To me suka ce game da ruwan?"

Na duba bakin kogi.
Kacala ta ƙara taku biyu tun tafiyata.
Na ce sun tafa, Baffa.

Ya jinjina kai, kamar an faɗa masa farashin gishiri.
Na miƙa masa jakar taron, shuɗiya, mai zanen ɗigon ruwa.
Ya juya ta, ya ja zif, ya gwada ɗinkin da haƙori.
"Wannan ba ta shan ruwa," ya ce.
Yanzu ƙugiyoyinsa ke ciki, da goro, da wasa-wuƙa.

Jiya wata takarda ta zo, taron baɗi,
wata ƙasa, wani teku.
Na ajiye ta ƙarƙashin fitila.
Da safe zan ari laujen Habu.
Da dare kuma, na san kaina,
zan zauna in cike ta.