Mai Ɗaukar Sikeli

Kaka bakwai ina bin Dakta Hansatu
daga titin Gumel zuwa gonakin bayan Maigatari,
sikeli a kafaɗa, igiyar awo a wuya.

Littafin da ta karanta ya yanke hukunci:
itace a tsakar gona ɓarawo ne,
yana shan ruwan gero, yana tare masa rana,
a sare, a tumɓuke kututture, tarakta ta wuce.
Manyanta sun sa hannu.
Ita ma da bakinta ta koyar da shi a aji.

Sai ranar da Baba Ɗanjuma ya hana gatari,
ya ja ta har gindin gawonsa:
"'Yar nan, ban yi boko ba, amma dubi zangarniya."
Ta duba. Ba ta ce ya yi gaskiya ba.
Cewa ta yi, "Tasi'u, kafa turke."
Taku goma daga gindi, taku talatin, taku sittin,
kowane dami da lambarsa,
ƙasar ma muka ƙulle a leda kamar yajin mai jego.

Gawo, ka ƙi ruwan Allah!
Damina ta sauka, kowa ya sa kore, kai ka tuɓe,
rani ya ƙone daji, sannan ka ɗauko riga.
Ashe tuɓewar nan ce abincin gero.

A taron Dutse ina can baya, kusa da ƙofa.
Farfesa Gambo, wanda ya koya mata riƙe ma'auni,
ya cire tabarau ya goge:
"Gona goma sha biyu ba hujja ba ce.
Kashin awakin da suka sha inuwa kika auna."
Aka yi dariya, har da masu raba lemo.
A mota na cika na batse, ita kuwa shiru,
sai a Ringim ta ce, "Yana da magana fa."
Washegari muka sari ƙaya,
muka kewaye gawo shida, akuya ko ɗaya ba ta shiga ba.

Aka janye kuɗin bincike.
Mai ya koma fita daga albashinta.
Masu gaishe ta da safe suka koyi kallon waya.

Shekara ta biyar ruwa ya ɗauke da wuri,
geron gindin gawo ya kunyata mu,
bai fi na fili da ko tiya guda ba.
Na ce, "Dakta, wannan shafin a bar shi a aljihu."
Ta dube ni har na raina kaina.
"In na ɓoye shekara ɗaya, Tasi'u,
sauran duk sun zama tatsuniya."
Ta rubuta, ta ja layi a ƙasa,
shi ta fara aika wa Farfesa.

Bana da kaka sai ga motarsa ta kafe a yashi.
Ya fito da sikelinsa, don bai yarda da namu ba.
Baba Ɗanjuma ya shimfiɗa musu tabarma.
Har la'asar ta yi sanyi ba wanda ya sauka daga bakansa,
yana cewa ƙasar ce, tana cewa saiwar ce,
gawo a samansu ya fara tsirar da ganye.
Ni dai ina riƙe da bakin buhu,
an ce a sake aunawa.