Mako Goma a Kan Tudu

Shekara ashirin da shida ina hawa tudun nan da asuba,
daga Española, kofi a gora, katin shiga a wuya.
Ni ce Eufemia Archuleta, mai kula da injin sanyi.
Ba ni da digirin dakta, hannu gare ni da kunne:
in famfo ya sauya numfashi, ni ke fara ji.

Kowane Yuni sukan zo, 'yan koyon bincike,
takalma sababbi, idanu zuru-zuru.
Mako goma ake ba su.
Mako goma kacal, a ciki mutum zai haƙo
abin da zai nuna wa jami'a ranar neman babban digiri.

Shekarar da hayaƙin daji ya rufe mana duwatsun yamma
biyu aka ba ni:
Annika Brandvold daga Minnesota,
da Leland Tsosie daga wajen Shiprock,
a motar kawunsa mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa.

Na koya musu ɗaure noti a bakin tukunyar ƙarfe.
Ba a bin su a jere, na ce,
wannan, sai wanda ke fuskantarsa,
kamar mai zana tauraro,
don kada iska ta sami kafar shiga.

Samfurin Annika ya yi magana a mako na huɗu,
layi ya miƙe a allo, aka yi ta tafi,
sunanta ya hau takarda, na shida cikin tara.
Na Leland ya ƙi.
Ya sake, ya ƙi.
Iska na satar hanya ta inda ba wanda ya sani.
Mako bakwai yana farautar ɓarakar da ta fi gashi siranta,
har ya kama ta, Alhamis ta ƙarshe, ƙarfe biyun dare,
a wata walda da ta girme shi.
Injin na aiki har yau albarkacinsa.
Amma wace mujalla ke buga "na toshe rami"?

Dakta Halloran ya rubuta wasiƙun shaida.
Ta Annika shafi biyu.
Ta Leland layi biyar: mai haƙuri, ba ya makara.
Na ce bari in rubuta tawa,
aka ce kwamiti ba ya duba wasiƙar
wanda sunansa ke tafiya ba rakiya.

Ba zan ce kura da shan bugu ba,
yarinyar ta yi aikinta, guminta ta ci.
Jami'a huɗu suka kira ta.
Shi bakwai ya ƙwanƙwasa, bakwai suka ba shi haƙuri.
Yau tana da ɗakin bincike nata,
duk Kirsimeti katinta na iso ni.
Shi yana Farmington da alli a hannu,
aji biyar a yini, 'yan sakandare.

Bana aka turo mini wata, Verlinda Roanhorse,
ba ta cika magana ba.
Na miƙa mata sifana, ban ce komai ba tukuna,
sai na ga hannunta ya tsallaka,
wannan, sai wanda ke fuskantarsa.
Na ce, wa ya koya miki?
Ta ce, malaminmu Tsosie,
shi ma wai wata mata ce a kan tudu ta nuna masa.

Na shiga ɗakin ajiya na daɗe ina ƙirga safar hannu.

Disamba zan ajiye aiki.
Daren jiya na zauna na cika shafi uku
da abin da na gani a hannun yarinyar nan.
Gobe zan ɗora su a teburin sabon dakta,
in ja kujera in zauna,
ba inda za ni sai ya kai layin ƙarshe.