Harafin Ca

A Shika, can ƙarshen baranda,
bayan inda ake ɗaukar hoton ƙashi,
akwai ɗakin da ba a kuka a cikinsa.
Nan nake aiki.
Fanka ɗaya mai tari, kantoci har rufi,
fayil kan fayil, da warin tsohuwar takarda.

Ni ba likita ba ne.
Likita ya yi rubutun tsutsarsa ya wuce,
ni kuma in mai da ciwo lamba:
harafi ɗaya, alƙaluma biyu, wani sa'in da ɗigo.
Zazzaɓin sauro na da tasa, karaya na da tata,
har wanda jaki ya harba a kasuwar Giwa
littafin bai manta da shi ba.
Shekara goma sha ɗaya hannuna bai yi rawa ba.

Ran Laraba bayan azahar
Ɗanliti masinja ya dire mini tuli.
Na bakwai daga sama:
Lantana Balarabe, hamsin da takwas, Tudun Jukun.
Sana'a: koyarwa, ta yi ritaya.

Aji ɗaya. Allon da muke shafe wa baƙin batir.
Ita ta kama yatsuna uku ta ɗora kan alli:
"Sabi'u, Ca jinjirin wata ne.
In ka rufe bakinsa ya zama sifiri.
Bar masa ƙofa."

Na karanta abin da bai zama dole in karanta ba.
Wata tara tana cewa kumburi ne kawai.
Mai kemis a Kwangila ya ce gyambon ciki,
ya ba ta farin ruwa a kwalba.
Maƙwabciya ta ce iska, ƙanwa ta ce girma ne ya zo,
aka jiƙa sassaƙe, aka sha kanwa.
Loma uku, ta ƙoshi.
Zani ya daina kai wa ƙugu.
Sai hoto ya nuna ƙari a gidan ƙwai,
sai wuƙa,
sai ɗan yanki a kwalba zuwa ɗakin bincike.

Lamba biyu na sani a wannan unguwar.
D27, ƙari mai kunya, a cire shi a koma gida.
C56, wanda muke ce wa daji,
mai cin gona har ya shigo tsakar gida.
A bakin yara taki ɗaya ne tsakaninsu:
a, ba, ca, da.
Na juya shafi ina cewa Allah ya sa Da ce.

Ba Da ba ce.

Na tashi na sha ruwa. Na dawo, tana nan.

Akwatin da zan cike bai kai faɗin farce ba.
Ba ya ɗaukar filin Dakace da ɗanta ya sa a kasuwa,
ko gashin da zai bi matashin kai,
ko mu, mu wajen dubu, da muka fita daga hannunta da alƙalami.
Amma in na karkace, inshora ta maido takarda,
allura ta makara,
ƙarshen wata a ƙirga matan da abin ya taɓa
a tsallake ta.

Sai na gyara zama.
Na zana shi a hankali, baya a gantsare,
biyar, shida.
Tun da nake aikin nan ban yi mai kyansa ba.

Ƙa'ida ta ce abin fayil ya kwana a fayil.
Na bar shi can.
Da la'asar na sayi lemo a bakin get,
na hau ɗakin mata a matsayin ɗalibi kawai.
Ta rame har zobe ya koma babban yatsa.
Ta daɗe tana dubana.
"Ɗan gidan mai gyaran rediyo?
Kai ne mai rufe Ca."

Na ce, Malama, na daina.

Ta ce, "To, ɓare mini ɗaya.
Rabi zan iya sha."