Ƙugu da Kayansa

Shekara goma sha ɗaya ina ajiye ƙusa a baki.
Leɓena ya san inci biyu, ya san inci uku,
harshena ya saba da tsatsa kamar gishirin miya.
Fensir a bayan kunne, tef a aljihun wando,
guduma kuwa tana duk inda na manta ta.

Ran da na haɗiye guda, ina kan rufi a Barnawa,
mai gida ya ƙwala min kira, ni kuma na amsa.
Likita ya ɗaga hoton cikina ga fitila:
ga ta kwance abinta, kamar ta biya kuɗin haya.
Kwana uku ina cin ayaba, ina jiran sallamarta.

Sai na nufi Kasuwar Barci da zafin kai,
na sayi ɗamara mai ƙyalli, aljihu goma sha takwas,
na ɗaura, na yi taku kamar sabon kurtu.
Ba ta ga ƙarshen damina ba.
Fatar ashe roba ce, ɗinkin ashe gam ne.
Ta ɓalle ina tsakiyar tsani,
guduma ta sauka taku ɗaya daga kan yaron mutane.
Har yau in na tuna, gwiwata sai ta yi sanyi.

A bayan Panteka akwai rumfar baduku Jatau,
tsoho mai gilashi ɗaure da zare.
Bai tambaye ni nawa na zo da su ba.
Ya ce, zazzage kayan aikinka a tabarma.
Na zazzage. Ya ware biyar da bakin basilla:
waɗannan hannunka ke nema kullum,
sauran nauyi ne, bar su a akwati.
Aljihu da yawa, in ji shi, kamar baƙi ne a ɗaki ɗaya,
kwankwasonka ne zai ciyar da su.

Ya miƙo kirgin sa mai kauri, ya ce in shinshina.
Bagaruwa. Fatar gaske ba ta ɓoye warinta.
Ya lanƙwasa ta gida biyu, ba ta yi fari ba.
Ya sa faɗinta ya kai yatsu huɗu,
don siririya wuƙa ce ga mai yini a tsaye.
Bakin kowace zabira ya yi masa ɗinki biyu,
ya danne kusurwa da ƙarfe,
nan ne, ya ce, mutuwar ɗamara ke fara shiga.

Da wane hannu kake bugu? Na ce hagu.
Ya dube ni ta saman gilashi,
ya kwance zoben guduma, ya mai da shi inda ya dace.

Tsuguna. Na tsuguna.
Sunkuya kamar ka yar da kwabo. Na sunkuya.
Hau bencin nan, sauka, sake hawa.
Ina take cizo? Na nuna ƙashin dama.
Ya rage, ya ƙara huda biyu:
ɗaya don azumi, ɗaya don bayan Sallah.

Kuɗinta ya kai na ƙofa biyu.
Na biya ina ƙunƙuni har titin Kawo.

Damina shida ke nan.
Ta yi baƙi da gumi, ta ɗauki siffar ƙuguna,
ko a duhu yatsana ya san gidan kowa.
Jatau ya rasu bara. Rumfarsa yanzu ana cajin waya.
Jiya yarona Ishaku ya ce in ara masa,
ya zagaya ta, ta zame har cinya, muka yi dariya.

Amma wani lokacin, in aiki ya yi zafi,
sai in ga hannuna ya kai ƙusa bakina.
In tofar,
in mayar da ita inda tsohon ya ɗinka mata.