Ƙullin Baba

Kwana uku ke nan warin yana riga ni tashi.
Ya hau matakala, ya shiga kicin,
ya zauna cikin burodi, ya kama gashi.
Agata ta saman bene ta leƙo da safe:
"Nunzia, ko ki fitar da babur ɗin nan,
ko mu soyu gaba ɗaya, mu da kifinmu."

Na turo shi bakin titi, inda iskar teku
take busar da komar masuntan Sciacca.
Ɗan ƙaramin babur ne, shuɗi, mai feda,
ya girme ni da shekara biyu.
A kansa Baba ya yi ta kai kifi kasuwa
har ranar da gwiwa ta ce masa a'a.

Hanci na sa a gaba.
Murfin tanki na murɗa, na shinshina,
robarsa lafiya lau.
Na shafa ƙasan tankin da yatsa,
tsatsa ce kawai, ba laima.
Sai na zargi kafireta, don kowa ita yake zargi.
Na kwance ta a kan tsohuwar jarida,
na wanke, na hura, na mayar.
Noti ɗaya ya gangara ƙarƙashin motar Turi mai kankana,
na bi shi da rarrafe, yara suna dariya.
Yamma ta yi, wari ko gezau.

Turi ya ce, "Shimfiɗa kwali ki je ki kwanta.
Ɓarawon dare ba ya rasa sawu."

Da sassafe ga ɗigo ɗaya, faɗin kwabo,
ba daidai inji ba, can baya kaɗan.
Na kwanta rigingine, tocila a baki,
na bi tiyo daga bakin tanki a hankali
har inda ya lanƙwasa ya ɓuya bayan ƙarfe.
A nan yatsana ya jiƙe.

Tsaga ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Amma wani ya riga ni zuwa:
guntun robar keke an naɗe,
an ɗaure da zaren fatsa,
zagaye bakwai, wutsiyar a ƙone.
Ƙullin da ya koya mini ina 'yar shekara takwas,
cikin kwalekwale, hannuna a cikin nasa.

Bai gaya wa kowa ba.
Shi ya tafi bara,
ƙullin ya ƙara wata goma sha ɗaya yana riƙe.

Sabon tiyo Yuro biyu ne a shagon Liborio,
minti biyar na gama.
Tsohon kuwa na yanke shi nesa da ƙullin,
na wanke da sabulu har sau uku,
yana aljihun rigar aikina.

Agata ta ce yanzu an huta.
Ni dai in na sa hannu neman makulli,
da warin yatsuna suke fitowa.