Uwar Garke

A bayan ɗakin magani, a asibitinmu na Garwa,
inda ake jibge tsoffin katifu,
nan na ɗaure uwar garke.
Fanka ɗaya, batir biyu,
da shuɗiyar waya da na ja ta cikin silin
har jemagu suka san warin gumina.

Kafin nan kowa da na'urarsa, kamar kowa da rijiyarsa.
Inna Dudu ungozoma, in aikin dare ya kai ta ɗakin yara,
sai ta tarar allo bai san ta ba.
Ba jerin masu ciki, ba ranakun awo.
Ta taka har ɗakin haihuwa da tocila
don ta duba suna ɗaya.

Na ce, Inna, daga yau kayanki za su riƙa bin ki.
Ta ce, a kan wane jaki?

Na rubuta sunaye talatin da bakwai,
kowane suna da rumbunsa,
kowane rumbu da kalmar da mai shi kaɗai ya sani.
Ka zauna inda ka ga kujera,
ka ba da suna, ka ba da sirri,
allo ya yi jim kamar mai tuna fuskar baƙo,
sai ga takardunka yadda ka bar su jiya,
har da hoton jikar nan mai dariya ba haƙori.

Haka kakata ta yi zamaninta
tsakanin Binuwai da tudun Ngaundare.
Duk inda aka sauke takarkari,
ƙwarya ta koma dama, tabarma ta koma hagu,
kafin la'asar daji ya zama gida.

Amma kaya kaya ne.
Njidda na ɗakin gwaji ya tara bidiyon bikin ƙanensa a fuskar allo,
kullum sai ya shanye shayi kofi biyu kafin su iso.
Na ce masa matafiyi ba ya ɗaukar turmi.
In kuwa ka buɗe nan ka buɗe can,
wanda ka rufe ƙarshe shi ne mai gaskiya,
na farko sai haƙuri.
Ran Laraba wuta ta ɗauke ana tsakar kwasar kaya,
rabin Saudatu ya iso, rabi ya kwana a hanya.

Jiya aka miƙo mini takarda daga ofis:
a goge na Malam Bakari mai rajista.
Watansa biyu a ƙasa.
Na leƙa rumbun.
Wasiƙar neman hutu da bai ƙarasa ba,
lissafin kuɗin makarantar yara,
hoton gonar albasa a bakin Lagdo.
Duk na'urorin gidan nan a shirye suke su karɓe shi,
kowace kujera tasa ce in ya zo.

Na ɗora yatsa a kan linzami.
Fanka na ta juyawa.
Na tashi na tafi sallar magariba,
na bar tambayar a kan allo tana jira:
Ka tabbata?