Shafi na Goma Sha Bakwai

A kasuwar El Alto na saye ta,
hannu na biyu, ko na uku, wa ya sani.
Mai shagon ya dafa ƙirji ya rantse
batirinta zai kai awa huɗu.
Awa ɗaya da rabi yake yi, in an tashi da sa'a.
Harafi guda ya ɓalle mata kamar haƙorin yaro.
Amma nauyinta bai wuce na burodi biyu ba,
kuma in ɓarawo ya sure ta a tasha
kukan yini ɗaya zan yi, ba na shekara ba.

Abokan aikina a La Paz nasu masu tsada ne,
sirara, suna sheƙi,
ana lallaɓa su kamar ƙwai a cokali.
Tawa cikin bargo take tafiya,
tsakanin safa da gwangwanin kifi,
a kujerar baya ta bas,
ta san kowane rami na hanyar Oruro da haƙarƙarinta.

Sanyi maƙiyin batir ne, ba a rubuta wannan a kwali ba.
Kan tsauni na koya.
Da dare nakan sa ta cikin rigata
mu raba ɗumi, ni da ita.

Ƙauye na shida. Ajin makaranta, benci tara.
Hilarión, malaminsu, ya jawo janareta da igiya,
tari uku ta yi kafin ta yarda.
Soket guda ne, majigi ya cinye shi.
Muka kafe zanen gado a bango da ƙusa huɗu.
'Yar mahaɗar waya kuwa tana wuyana,
na rataye ta da zare kamar laya,
tun ranar da ta ɓata mini a Patacamaya
na yi jawabi da hannu da alli.

Shafi ashirin da uku a kan tsutsar dankali.
Na ɗaya, na biyu, na tara,
ginshiƙan lissafi suna hawa suna sauka,
wani dattijo yana gyangyaɗi da ladabi.
A kusurwar allo batir na ramewa:
saura kashi goma sha ɗaya.

A shafi na goma sha bakwai
inuwar hula ta hau kan zanen.
Basilia Ticona ce ta miƙe,
gajeruwa, kafaɗa ɗauke da ƙunshi.
Ta yi magana da Aimara, Hilarión ya juya mini:
"Ta ce wannan tsutsar baƙuwa ce.
Kyakkyawa dai, amma ba tasu ba ce."

Ta kwance ƙunshi, ta zaro dankali,
ta tsaga shi da farcen babban yatsa,
ta ɗaga shi cikin hasken majigi.
Sai ga ta a bango, ta kai tsawon hannu,
tana lanƙwasa, tana miƙewa, da ranta.
Yara suka yi ihu. Dattijo ya farka.

Nan kwamfutata ta ja numfashin ƙarshe ta yi baƙi.
Ba wanda ya waiwaye ta.
Majigi ya bar mana farin haske zalla,
a ciki Basilia ta tsaya rabin awa
tana faɗin inda kakarta ke tara amfani,
da ganyen da ake shimfiɗawa a ƙasa,
da ranar da ake sako kaji su yi kiwo a gurbin.
Ni, mai digiri biyu, ina rubutu a bayan tikitin bas.

Yanzu dare ne, ɗakin haya, an kawo wuta.
Ta farfaɗo, fankarta na gurnani.
Na goge hoton da na ciro daga littafi,
na sa wanda na ɗauka da waya:
hannu mai kaushi, ƙasa a farce, dankali a tsage.
Ya ɗan yi dishi-dishi, hannuna ya yi rawa.

Gobe ƙauye na bakwai, bas ƙarfe biyar.
Na naɗe ta a bargo.
Ba ta ƙara nauyi ba, na ɗaga na ji.